Kun Share Sito, Kun Bar Littafin Magatakarda

A damunar bara na tafka wautar da kowane ɗan jarida yake tsoro. Ina rage tarkace a ɓangaren kwamfutata inda nake tara aiki, sai na goge jakar da ke ɗauke da hirarrakin murya guda huɗu na wani bincike da na shafe wata biyu a kansa, kuma irin gogewar nan ce da ba ta biya ta kwandon shara. Washegari da sassafe na kai kwamfutar wurin wani mai gyara da aka yaba mini. Ya ciro faifan, ya haɗa shi da tasa na'urar, ya saki manhajar farfaɗo da fayiloli, muka zauna muna kallon allo. Bayan kamar rabin awa ya girgiza kai.

"Malam, sunayensu suna nan, amma cikinsu babu komai, sifiri ne zalla. Faifanka SSD ne, irin wannan in abu ya tafi ya tafi ke nan." Ya ɗan gangara ƙasa, ya ƙara da cewa, "Sai dai ga wani ɗan ƙarami ya dawo lafiya lau. Shi ma kana so?"

Kafin in amsa ya buɗe shi. Layi uku ne: sunan mutumin da ya ba ni takardun binciken, lambar wayarsa, da wurin da muka saba haɗuwa. Wannan fayil da gangan na goge shi kwana uku kafin nan, saboda alkawarin da na yi wa mutumin cewa sunansa ba zai kwana a na'urata ba. Na ce, "Injiniya, don Allah rufe shi." Ya rufe, bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Amma ya riga ya karanta.

Abin da nake so ya dawo, ɗaruruwan megabayit, ya mutu murus. Abin da nake so ya mutu, wanda bai kai bayit 100 ba, yana nan da ransa. Da farko na ɗauka tsautsayi ne. Da na bincika sai na gane cewa haka aka gina abin, an kuma rubuta shi a fili shekaru da dama, amma masu koya mana "tsaron bayanai" da masu ƙera allon da muke dannawa sun bar mu cikin duhu. Da su nake wannan rigima.

Bari in fara da yadda abin yake aiki. Ɗauki faifan kwamfuta a matsayin babban sito da aka yanka gurbi-gurbi, duk girmansu ɗaya. A tsarin ajiyar fayiloli na Windows, wato NTFS, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a 1993 tare da Windows NT 3.1, kowane gurbi yawanci bayit 4,096 ne. A ƙofar siton akwai magatakarda da littafinsa, wanda injiniyoyi ke kira MFT. Kowane fayil yana da shafinsa a littafin, mai faɗin bayit 1,024 a yawancin faifai. A shafin ake rubuta sunan fayil, lokacin da aka ƙirƙire shi, lokacin da aka taɓa shi, da lambobin guraben da kayansa suke ciki. Waɗannan bayanai na shafi su ne ake kira metadata, wato bayani a kan kaya, ba kayan ba.

To, idan wani ya kawo ajiyar allura fa? Magatakarda mai hankali ba zai ware mata gurbin da zai ci buhu ba. Zai soke ta a jikin shafinta, ya rufe littafi. Abin da NTFS yake yi ke nan. Bayan an rubuta suna da lokuta, kusan bayit 700 kan rage a shafin, gwargwadon tsawon sunan fayil da sauran abin da aka liƙa masa. Duk fayil ɗin da zai shiga wannan fili, a nan ake zuba shi, ba ya samun gurbi a sito ko ɗaya. Mai Windows 10 ko 11 zai iya gani da idonsa: ya buɗe Notepad, ya rubuta kalma biyar, ya adana, ya duba bayanan fayil ɗin. Zai ga an rubuta girmansa bayit kaza, amma filin da ya ci a faifai sifiri.

Dabarar tana da kyau, kuma zan kare ta kafin in soki kowa. Fayil mai bayit 100 in an ba shi gurbi, bayit 3,996 sun tafi a banza. Fayiloli miliyan ɗaya irinsa za su cinye gigabayit huɗu don ajiye megabayit 100. Ga kuma batun sauri: a tsohon faifai mai juyawa, kowane tsalle da hannun karatu zai yi yakan ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, don haka karanta shafi kaɗai ya fi karanta shafi sannan a tafi neman gurbi. Shi ya sa ba Microsoft kaɗai ke yi ba. A Linux, tsarin ext4 ya sami wannan damar a fitowa ta 3.8 a 2013, inda katin fayil mai bayit 256 kan ɗauki kusan bayit 160, ko da yake sai an kunna ta da hannu. F2FS na kamfanin Samsung, wanda ke cikin wayoyin Android da yawa, yana iya ɗaukar kusan bayit 3,400 a katin. Btrfs, wanda Fedora ta mayar tsarinta na asali a kwamfutocin tebur a 2020, yana cusa fayil har mai bayit 2,048 cikin metadata, kuma da yake a faifai guda yakan ajiye metadata kwafi biyu don kariya, ƙaramin fayil yakan sami tagwaye ba tare da mai shi ya sani ba. Injiniyoyin da suka ƙirƙiro waɗannan sun warware matsalar da aka ba su: fili da sauri. Ba a ce su warware matsalar mantuwa ba.

A wurin gogewa ne allurar take zama ƙaya. Idan ka goge fayil a NTFS, magatakarda ba ya yage shafin, ba ya kuma shafe rubutun. Alama ɗaya tak yake sauyawa a saman shafin, daga "ana amfani" zuwa "babu kowa", sannan ya sanar cewa guraben fayil ɗin sun koma fanko. A faifan SSD, Windows yana ƙara aika wani umarni mai suna TRIM, wanda ke gaya wa faifan cewa waɗannan guraben ba a bukatarsu, shi kuwa faifan sai ya share su a lokacin da ya ga dama, galibi ba da jimawa ba. Abin da ya cinye hirarrakina ke nan. Amma ƙaramin fayil ba shi da gurbin da za a sanar. Yana cikin littafin, littafin kuwa fayil ne mai rai da ake amfani da shi kullum, TRIM ba ya kusantarsa. Rubutun zai zauna a shafin har ranar da wani sabon fayil ya gaji shafin. Ko fayil ɗin da ya fara da ƙanƙanta ya girma daga baya aka kwashe shi zuwa sito, ɓurɓushin tsohon rubutunsa kan iya saura a ƙasan shafin.

Yanzu mai karatu ya tambayi kansa: waɗanne fayiloli ne ba su kai bayit 700 ba? Bidiyon biki ba ya ciki, hoto ba ya ciki, takardar Word ma ba ta ciki, domin ko fanko ce ta haura haka nesa. Abin da ke ciki shi ne ɗan rubutun Notepad da akawu ya zuba kalmomin sirrin banki. Lambar BVN lamba 11 ce, NIN 11, lambar waya 11, lambar asusu 10. Duka huɗun da sunan mai su ba su kai bayit 100 ba. Kalmomi 12 ko 24 da ke buɗe asusun kuɗin kirifto ba su wuce bayit 220 ba. Makullin SSH irin na zamani, wanda mai kula da sabar kamfani ke shiga da shi, kusan bayit 400 ne. Bayit 700 zai ɗauki kalmomin Hausa ɗari da 'yan kai, ko da ɓ da ɗ da ƙ suna cin bayit bibbiyu. Wasiƙar tona asiri ba ta bukatar fiye da haka. Akwai ma wanda ba kai ka rubuta ba: duk abin da ka sauko da shi daga intanet, Windows kan liƙa masa ɗan bayani mai suna Zone.Identifier, wanda a Windows 10 zuwa sama yakan ƙunshi adireshin da aka sauko da shi, kuma shi ma saboda ƙanƙantarsa a shafin yake kwana. Sirri ba shi da nauyi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Na halarci tarurrukan horar da 'yan jarida kan tsaron bayanai fiye da yadda zan iya ƙirgawa, a ɗakunan otal masu sanyi, da shayi da jakar takardu. Darasin gogewa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: goge, zubar da kwandon shara, sannan ka saki manhajar da ke share filin da babu kowa. Ba na tuna ranar da wani mai horarwa ya ambaci littafin magatakarda. Alhali manhajar da ke share fili tana aiki ne ta hanyar cika guraben fanko da sifiri ko tarkace, kuma shafin MFT da aka saki ba gurbin fanko ba ne a idonta. Sai ta share sito tas, ta ba ka saƙon nasara, allura tana nan a soke.

Wannan ba sirri ba ne, shi ya sa uzurin rashin sani ba ya karɓuwa daga wanda ya karɓi kuɗi don ya koyar. Mark Russinovich, wanda ya rubuta manhajar SDelete tun kafin Microsoft ta sayi kamfaninsa a 2006, ya bayyana a takardar manhajar cewa share fili kaɗai bai isa ba. Dole ta riƙa ƙirƙiro ƙananan fayiloli har sai sun mamaye duk shafukan MFT da aka saki. Microsoft da kanta, a bayaninta kan umarnin cipher na Windows Server 2003, ta amsa cewa sharewar ba ta aiki a kan fayilolin da ba su kai kilobayit ɗaya ba. Manhajar CCleaner, wadda ake yawan gani a kwamfutocin ofisoshinmu, ta ware share MFT a matsayin zaɓi dabam da share fili. Wato masu ƙera kayan sun faɗa, a shafukan da ba wanda ke karantawa. Wanda ya tsaya gaban mutum talatin masu riƙe da sunayen majiyoyi, aikinsa ne ya karanta.

Laifi na biyu na masu tsara allo ne. Idan ka danna gogewar da ke ƙetare kwandon shara, Windows yana tambayarka ko ka tabbata kana so ka goge fayil ɗin dindindin. Kalmar dindindin a nan tana nufin cewa shi Windows ba zai ƙara nuna maka shi ba. Likita ko lauya ko ma'aikaciyar banki da ta karanta wannan kalma tana da haƙƙin ɗaukar ta da ma'anarta ta kowa da kowa. Kamfanin da ya iya tsara allo har ya nuna maka yanayin gari da farashin hannun jari a ƙasan tebur, bai gagara ƙara jimla ɗaya ta gaskiya a wannan akwati ba.

Akwai kuma wata babbar ƙarya da wannan ƙaramar dabara take tonawa, ita ce cewa metadata fatar kaya ce kawai. Bayan tonon sililin Edward Snowden a Yunin 2013, kariyar da gwamnatin Amurka ta fi riƙewa ita ce ba a sauraron hirar kowa, metadata kaɗai ake tarawa. A 2014 Michael Hayden, tsohon shugaban hukumomin leƙen asiri na NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna kashe mutane bisa metadata. Na san metadatar kiran waya dabam take da ta faifai. Amma ɗabi'ar raina ta iri ɗaya ce, kuma a faifai ma rabuwar ta rushe gaba ɗaya: wanda ya kwafi MFT kaɗai, yana cewa jerin sunaye kawai ya ɗauka, ya tafi da cikakken abin da ke cikin kowane ƙaramin fayil, na raye da wanda aka goge. Masu binciken laifuka ta kwamfuta sun san haka sarai, shi ya sa MFT yake cikin abubuwan farko da suke kwafa. Duk lauyan da ya amince a miƙa "metadata kaɗai" na kwamfutar wanda yake karewa, ya kamata ya fara tambayar wace metadata.

Za a ce na zuzuta. Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce NTFS yana sake amfani da shafukan da aka saki, kuma a ɓangaren da Windows yake zaune ana ƙirƙirar fayiloli ba dare ba rana, don haka shafin da aka saki da safe yana iya samun magaji kafin azahar. Gaskiya ne. Haka kuma yawancin filashi da katin waya suna kan FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da wannan dabara. Amma magatakarda yana fara cike shafukan farko-farko ne, littafin kuma ba ya raguwa da kansa, saboda haka bayan gogewa mai yawa, shafukan can ƙarshe kan daɗe ba a taɓa su ba. A ɓangare na biyu na faifai, ko faifan waje da ake ajiya a aljihun tebur, inda ba a cika zuba sabon abu ba, jiran yana iya zama na shekaru. Nawa a irin wannan ɓangaren yake. Kuma mutumin da ya ba ni takardu bai ba ni amanarsa bisa sharaɗin "wataƙila za a rubuta wani abu a kai" ba.

Za a kuma ce, wa zai tsaya bincika kwamfutar wani ƙaramin ma'aikaci? Ba sai an bincika ba, kwamfutar ce ke tafiya da ƙafarta. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat, ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka, sun wallafa sakamakon sayen tsofaffin faifai 158: guda 129 suna aiki, 12 kacal aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci dubban lambobin katin banki. A 2009 ɗaliban aikin jarida na jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi faifai a Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin Northrop Grumman, kamfanin da ke yi wa gwamnatin Amurka aikin tsaro. Mu da yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, muna kuma sayar da su ko mu bai wa ƙane idan mun gaji, muna cikin wannan kasuwa ta ɓangare biyu. Ma'aikatu suna gwanjon tsofaffin na'urori, asibitoci suna sauya nasu, kuma abin da aka saba yi kafin a miƙa shi ne fomatin gaggawa. A faifai mai juyawa, fomatin gaggawa sabon littafi kawai yake buɗewa. Mafi yawan shafukan tsohon suna nan, kowanne ya fara da haruffa huɗu, FILE, waɗanda manhajar kyauta za ta iya bi tana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman a goge bayanansa, ta kuma hana riƙe su fiye da bukata. Ina so in ji yadda ofishin da bai taɓa jin sunan MFT ba zai rantse cewa ya goge.

Wasu za su ce to a kashe dabarar mana. A NTFS babu wani maɓalli da aka tanadar wa mai amfani don haka, kuma ko da akwai, ba zan goyi baya ba. Za a sayi ɗan kwanciyar hankali da asarar fili da sauri, alhali ɓurɓushi yana da wasu maɓoya: kundin da NTFS ke rubuta canje-canje kafin ya aiwatar da su, kwafin da Windows ke ɗauka don komawa baya, da ɗakunan ajiya na cikin SSD da kwamfuta ba ta ma ganinsu. Bin ɓurɓushi ɗaya bayan ɗaya aikin baban giwa ne.

Abin da ke aiki shi ne a daina dogara da gogewa, a kulle faifan gaba ɗaya tun ranar farko, ta yadda sito da littafin duka za su zama rubutun da ba ya karantuwa sai da makulli. BitLocker yana cikin Windows tun zamanin Vista, FileVault yana kan Mac, LUKS yana kan Linux. Idan faifan a kulle yake, ranar rabuwa da shi makullin ake hallakawa, kuma hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta amince da wannan hanya a jagoranta mai lamba 800-88 na 2014. Faifai mai juyawa da ba a taɓa kullewa ba, a yi masa cikakken fomatin, wanda tun daga Vista yake rubuta sifiri a ko'ina. SSD kuwa a yi amfani da umarnin sharewa na kamfanin da ya ƙera shi. Wanda ya ɗauki bayanan marasa lafiya ko na majiya, in ana shakka, guduma ta fi gwanjo arha.

Kullewa tana da nata farashi, ba zan ɓoye ba. In makulli ya ɓata, komai ya ɓata, babu injiniyan da zai cece ka. Ba ta kare ka daga wanda ka miƙa wa kwamfuta a buɗe, ko wanda ya tilasta ka buɗewa. Kuma idan aka kunna BitLocker a tsohuwar kwamfuta aka zaɓi kulle wurin da ake amfani da shi kaɗai, tsofaffin abubuwan da aka goge a guraben fanko suna nan a buɗe. A irin wannan hali faifan duka ake zaɓa. Sai batun makullin ceto na BitLocker, lambobi 48 da ake bukata ranar da kwamfuta ta ƙi buɗewa. Na ga abokan aiki fiye da ɗaya sun kwafe su a Notepad, sun adana a faifan waje da ba a kulle ba, daga baya suka goge don "tsaro". Lambobi 48 da 'yan sanduna bakwai da ke raba su, bayit 55 ke nan, sun shige shafin magatakarda har da sauran fili.

Nawa makullin a takarda yake, da biro, cikin akwatin da nake ajiye takardun makaranta. Sunayen majiyoyi kuwa sun daina shiga kwamfuta kwata-kwata. Hirarrakin nan huɗu sai da na sake yin uku daga cikinsu. Na huɗun ya ce ya faɗi abin da zai faɗa sau ɗaya, ba zai maimaita ba. Mutumin da ya ba ni takardun na je na same shi na gaya masa abin da ya faru a shagon, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sauya lambar wayarsa a makon.